Aikin Bayan Fage a Banki: Wane Sashe Ya Fi Albashi, Wanne Ya Fi Makoma?

Idan aka ambaci aikin banki, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne kashiya a bayan kanta, ko manajan da ke sa hannu a takardar bashi, ko jami'in da ke yawon farautar masu ajiya. Amma a kowane banki akwai rundunar ma'aikatan da abokin ciniki ba ya taɓa ganin fuskarsu, kuma su ne ke tabbatar da cewa kuɗin da aka ce an tura sun isa inda aka nufa, lissafin yini ya daidaita, ba a kuma taka doka ba. Su ne ma'aikatan bayan fage. Wanda ya samu damar shiga cikinsu yakan ɗauka duk kujerun ɗaya ne, tunda a banki guda albashin farawa bai cika bambanta sosai daga wannan sashe zuwa wancan ba. Wannan zaton ne nake so mai neman aiki ya kauce masa, domin mutum biyu za su iya shiga banki rana ɗaya a mataki ɗaya, bayan shekara goma a tarar da tazara mai faɗi tsakaninsu, alhali ƙwazonsu kusan ɗaya ne, kujerar da kowa ya fara zama a kai ce ta raba su.

Kafin a kwatanta sassan, ya kamata a fahimci yadda banki ke kallon ma'aikatansa idan an zo rabon kuɗi. A lissafinsa akwai sassan da ke kawo riba, kamar masu ba da bashi da masu cinikin hannun jari da kuɗaɗen waje, akwai kuma waɗanda ake kashe wa kuɗi domin aiki ya gudana, kuma duk bayan fage a rukuni na biyu yake. Mai kawo riba yakan samu garaɓasar ƙarshen shekara mai tsoka, wadda a manyan bankunan zuba jari takan kai albashinsa na shekara ko ta wuce idan kasuwa ta yi kyau, ta kuma bushe idan kasuwa ta juya baya. Ma'aikacin bayan fage kuwa kusan duk abin da zai samu yana cikin albashinsa na wata, garaɓasarsa ɗan ƙari ce kawai a kai. Ga masu sa ido, wato sashen bin ƙa'ida da na auna haɗari da na bincike, da gangan aka tsara haka, domin ƙa'idojin biyan albashi da hukumomin kuɗi na duniya suka amince da su a 2009, bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008, sun nemi kada ladan mai sa ido ya rataya a kan ribar sashen da yake sa wa ido, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka abin da ya kamata a auna a kowane sashe shi ne saurin hawan albashi, da iyakar inda yake tsayawa, da kuma sauƙin da banki zai samu wajen maye gurbin mai kujerar da wani mutum ko da manhaja.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta sashen gudanarwa, inda ake tura kuɗi, a kammala cinikin da 'yan kasuwar banki suka ƙulla, a buɗe asusu, a sarrafa takardun bashi, a daidaita lissafi. Nan ne banki ya fi ɗaukar sababbin masu digiri, kuma bai cika damuwa da fannin da mutum ya karanta ba, muddin yana da natsuwa da ido a kan lambobi. Wanda yake so ya san ɗanɗanon aikin sai ya tsaya a bayan kujerar mai daidaita lissafi da yamma. Allon kwamfutarta a rabe yake gida biyu: a hagu abin da littafin bankinta ya ce ya shiga ya fita a asusun da suka ajiye a wani banki na ƙetare, a dama kuma bayanin da wancan bankin ya aiko. Manhaja ta riga ta haɗa dubban layuka da 'yan'uwansu, saura goma sha biyu da suka ƙi zama. Ɗaya an tura shi sau biyu, ɗaya wani banki a tsakiyar hanya ya cire ladansa sai adadin ya gaza da ɗan kaɗan, ɗaya an juya lambobi biyu a shaidarsa, ɗaya kuma babu wanda ya san daga ina ya fito. Ba za ta tashi ba sai kowane layi ya samu bayani ko an rubuta wanda zai bi sawunsa gobe, ga kuma lokacin rufe tura kuɗi da ba ya jiran kowa.

Nauyin wannan aiki ya fi albashinsa, kuma wannan abu ne da ya daɗe yana damuna. A watan Agusta na 2020 ma'aikatan Citibank sun yi niyyar biyan kuɗin ruwa na ƙasa da dala miliyan 8 a madadin kamfanin kayan kwalliya na Revlon ga masu bin sa bashi, sai kuskure a wajen cike allon wata manhaja ya sa aka tura kusan dala miliyan 900 daga aljihun bankin, duk da cewa mutum uku ne suka duba kafin a danna. Wasu daga cikin waɗanda kuɗin suka faɗa hannunsu sun ƙi mayarwa, aka yi ta shari'a har 2022 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba bankin gaskiya. Ga shi kuma lokaci sai ƙara matsewa yake yi. Tun 28 ga Mayu, 2024 Amurka ta rage wa'adin kammala cinikin hannun jari daga kwana biyu zuwa kwana ɗaya, Indiya ma ta riga ta yin haka, wanda ke nufin kuskuren da a da ake da yini guda na gyara shi yanzu sai a cikin dare. Duk da haka, a mafi yawan bankuna sashen gudanarwa shi ne mafi jinkirin hawan albashi, kuma shi ne na farko da ake waiwaya idan za a rage kashe kuɗi. Dalilin a fili yake: duk aikin da za a iya rubuta matakansa a takarda daga farko har ƙarshe, za a iya koya wa manhaja ko a miƙa shi ga wurin da ƙwadago ya fi araha. Shi ya sa manyan bankunan duniya suka kwashe dubban irin waɗannan kujeru daga Landan da New York zuwa Indiya da Filifin da Poland, ko zuwa ƙananan birane a cikin ƙasashensu.

Amma zalunci ne a yi wa sashen gudanarwa kuɗin goro, domin a cikinsa akwai kujera iri biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Akwai wadda mutum ke wuni yana shigar da bayanai yana danna amincewa, akwai kuma wadda ake kawo wa abin da ya gagari manhaja. Ta farko ba ta ƙara wa mai ita komai bayan wata shida, shekararsa ta biyar maimaicin ta farko ce. Ta biyu kuwa kullum tana koya masa ta inda kuɗi ke bi, da ta inda suke maƙalewa, da ta inda ɓarawo zai iya shiga, kuma wannan sani ne sauran sassan da suka fi albashi ke saye da tsada daga baya. Mafi kyawun misali a wurina shi ne teburin cinikayyar ƙasa da ƙasa, inda ake duba takardun lamunin biya tsakanin mai shigo da kaya da mai fitarwa. Ƙa'idar da ake bi, wato UCP 600 da ta fara aiki a 2007, ta ba banki kwana biyar na aiki ya duba takardun ya ce sun cika ko ba su cika ba, kuma banki da takarda yake hulɗa, ba ya zuwa tashar jirgin ruwa ya ga kayan da idonsa. Bambancin kwanan wata a takardar lodin jirgi, ko sunan kaya da bai dace da na takardar lamuni ba, na iya hana biyan maƙudan kuɗi. Wanda ya goge a nan, ya kuma haɗa da CDCS, shaidar ƙwarewa ta masu duba takardun lamunin biya, ba a maye gurbinsa cikin sauƙi, albashinsa kuma yakan ɗara na takwarorinsa a sauran teburan gudanarwa.

Sashen bin ƙa'ida na daga cikin waɗanda suka fi bunƙasa a shekaru ashirin da suka wuce, kuma tsoro ne ya gina shi. Tun 1989 aka kafa hukumar FATF a Paris domin yaƙi da halatta kuɗin haram, shawarwarinta 40 kuma su ne ginshiƙin dokokin da kusan kowace ƙasa ke bi a yau, amma bankuna ba su buɗe bakin jaka sosai ba sai da tara ta fara cizo. A 2012 HSBC ya biya dala biliyan 1.9 a Amurka saboda sakaci wajen hana halatta kuɗin haram, a 2014 BNP Paribas ya biya kusan dala biliyan 9 saboda karya takunkumin da aka ƙaƙaba wa Sudan da Iran da Kuba, a 2024 kuma TD Bank ya biya kimanin dala biliyan 3. Bayan kowace irin wannan tara sai a ga bankuna suna rububin ɗaukar jami'an bin ƙa'ida, waɗanda suka riga suka goge kuma farashinsu ya tashi.

Sai dai a nan ma hawa biyu ne, kuma mai neman aiki ya buɗe idonsa. A hawan ƙasa akwai masu tattara takardun shaidar abokin ciniki da masu share ƙararrawar da manhaja ke kaɗawa, waɗanda mafi yawansu ba komai ba ne illa sunan wani bawan Allah da ya yi kama da na wanda ke jerin takunkumi. Wannan aiki ya zama tamkar masana'anta, ana ƙirga wa mutum adadin fayil ɗin da ya rufe a yini, kuma shi ma ana kai shi inda ya fi araha, ana kuma ɗora wa ƙirƙirarriyar basira wani kaso nasa. A hawan sama akwai mai bincike. Za a ajiye masa asusun wani matashi da shekara biyu ba a ga komai a ciki ba sai ƙananan kuɗi, kwatsam cikin mako guda kuɗi suka fara shigowa daga mutum ashirin da babu abin da ya haɗa su, suna fita cikin awa ɗaya zuwa asusu uku. Shi zai bi zaren, ya yanke hukunci ko sana'a yaron ya fara ko kuwa 'yan damfara ne suka ari asusunsa, ya rubuta rahoton zargi ga hukuma da hujjar da za ta tsaya, kuma doka ta hana shi ko da nuna wa mai asusun alamar ana bincikensa. Irin wannan mutum, da mai ba sassan kasuwanci shawara kafin su ƙulla wata hulɗa, da masanin takunkumi, su ne albashinsu ke hawa da sauri, har ya zarce na manajan gudanarwa mai shekaru iri ɗaya.

CAMS, shaidar ƙwarewa a yaƙi da halatta kuɗin haram, ita ce aka fi sani a wannan fanni, jarrabawa ɗaya ce, kuma ta fi sauran manyan shaidun banki sauƙin kammalawa, wanda ya sa masu ita suka yi yawa har ba ta isa ita kaɗai ta ɗaga mutum. Wanda ya karanta shari'a yana da fifiko, haka ma wanda ya fito daga gudanarwa ya san yadda saƙon tura kuɗi yake tun daga tushe. Abin da ba a cika faɗa wa masu sha'awar wannan sashe ba shi ne nauyin da ke kan wuya. Aikin jami'in bin ƙa'ida ya ƙunshi ce wa mai kawo wa banki riba a'a, wani lokaci mutumin da ya girme shi a muƙami nesa ba kusa ba, kuma idan abu ya ɓaci hukuma na iya bin sa shi kansa. A 2017 tsohon shugaban sashen bin ƙa'ida na kamfanin tura kuɗi na MoneyGram ya amince ya biya tarar dala 250,000 da aka ɗora masa shi kansa, aka kuma dakatar da shi daga irin wannan aiki na shekara uku. Wanda ba ya iya jure fushin na gaba da shi, ko wanda kunya ke hana shi faɗin gaskiya a taro, zai sha wahala a nan ko da albashin ya yi masa daɗi.

Idan ana maganar inda rufin albashi ya fi tsawo, sashen auna haɗari ne a gaba. Su ne ke lissafa yawan bashin da ba zai dawo ba, da asarar da banki zai yi idan kuɗin ruwa ko farashin kuɗaɗen waje ya motsa, da ko akwai isassun kuɗi a hannu idan masu ajiya suka taso gaba ɗaya. Tushen aikinsu na komawa ga Kwamitin Basel, mai tsara wa bankunan duniya ƙa'idojin sa ido, wanda aka kafa a 1974 bayan rufe bankin Herstatt na Jamus ya bar bankunan da suka riga suka biya shi kuɗin Jamus suna jiran dalolin da ba su taɓa isowa New York ba. Yarjejeniyar Basel ta 1988 ta wajabta wa banki ya riƙe jarin da ya kai kashi 8 cikin ɗari na kadarorinsa bayan an auna haɗarinsu, yarjejeniyar Basel ta uku da ta biyo bayan rikicin 2008 kuma ta ƙara tsanantawa, sannan ƙa'idar lissafi ta IFRS 9 da ta fara aiki a 2018 ta tilasta wa bankuna su ware kuɗin asarar da suke hasashe tun kafin mai bashi ya gaza. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta haifar da sababbin kujeru. Rushewar Silicon Valley Bank na Amurka a Maris na 2023 ta ƙara wa fannin daraja, domin bankin ya zuba ajiyar mutane a takardun lamuni masu dogon zango, kuɗin ruwa ya tashi darajarsu ta faɗi, masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a yini guda, kuma bankin ya shafe watanni da dama a 2022 babu cikakken shugaban sashen auna haɗari.

Matsalar wannan sashe ita ce ƙofarsa ƙunci gare ta. Ɓangaren da ya fi tsoka, na masu gina ma'aunin lissafi da masu tantance shi, yana neman wanda ya yi zurfi a lissafi ko ƙididdiga ko kimiyyar tattalin arziki, sau da yawa mai digiri na biyu, wanda kuma ya iya rubuta manhaja da Python ko makamancinsa. Shaidar FRM ta masu auna haɗari, mai jarrabawa biyu, tana taimakawa ƙwarai, CFA ta masu nazarin zuba jari, mai matakai uku, ma haka, amma duka biyun suna cin shekaru da kuɗi da barci. Akwai ƙofar gefe ga wanda lissafinsa bai kai can ba. Nazarin bashi, inda ake karanta littafin kuɗin kamfani a yanke ko ya cancanci rance, ya fi buƙatar hankali da sanin kasuwa, haɗarin gudanarwa kuma, wanda ke duba inda tsarin aiki zai iya tsagewa, kusan an yi shi ne domin tsofaffin ma'aikatan gudanarwa. Albashin waɗannan biyun bai kai na masu ma'auni ba, amma ya fi na inda mutum ya baro, kuma nazarin bashi shi ne gadar da ta fi kowace kusa da ɓangaren masu kawo riba.

Sashen akanta da na binciken cikin gida suna tsakiya a albashi, fifikonsu kuma na wani wuri ne daban: sana'ar ta mutum ce, ba ta banki ba. Wanda ya riƙe ACCA, shaidar akantoci ta ƙasa da ƙasa, ko shaidar ƙungiyar akantocin ƙasarsa, ko shaidar CIA ta masu binciken cikin gida, idan banki ya sallame shi gobe zai iya aiki a kamfanin sadarwa ko masana'anta ko gwamnati, abin da mai kammala cinikin hannun jari ba zai iya faɗa ba. Akanta yana biyan wannan da daren ƙarshen wata da na ƙarshen shekara, lokacin da ba a san ƙarfe nawa za a tashi ba. Mai bincike kuwa yana zagaya kowane lungu na banki, yana zama da shugabanni tun yana ƙaramin ma'aikaci, amma ba kowa ke murnar ganinsa ba. Darajar aikinsa ta fito fili a labarin Barings, bankin Ingila da aka kafa a 1762 ya kuma rushe a 1995, saboda an bar wani ɗan kasuwar bankin, Nick Leeson, a Singafo yana riƙe da ciniki da kuma teburin da ya kamata ya duba cinikin, ya ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827, aka sayar da bankin a kan fam ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikin mai bincike kuma neman tsagar ne tun kafin ƙadangaren ya gan ta.

Sashen fasaha na musamman ne, domin banki ba da sauran bankuna kaɗai yake gasar ɗaukar waɗannan mutane ba, har da kamfanonin fasaha, kuma hakan na tilasta masa ya biya su fiye da ma'aunin da ya saba. Masu tsaron intanet sun fi kowa cin wannan moriya tun bayan abin da ya samu babban bankin Bangaladash a Fabrairun 2016, lokacin da ɓarayi suka yi amfani da SWIFT, hanyar da bankuna ke aika wa juna saƙon tura kuɗi, suka nemi kwashe kusan dala biliyan 1, suka kuma yi nasarar tsere da dala miliyan 81. Wanda ba injiniya ba ne ma yana da wuri a nan, wato kujerar mai fassara tsakanin masu aiki da masu rubuta manhaja, wanda ya san aikin gudanarwa ciki da bai har zai iya faɗa wa injiniya abin da ake so a gina. A ganina wannan ce mafita mafi kyau ga ma'aikacin gudanarwa da ke tsoron manhaja za ta cinye kujerarsa, ya koma cikin masu tsara ta. Abin da zai sadaukar shi ne natsuwar dare da ta ƙarshen mako, domin sabon tsari ba a kunna shi sai lokacin da abokan ciniki ke barci.

Akwai abin da ya fi zaɓen sashe tasiri a kan aljihu, kuma sau da yawa sabon shiga ba ya lura da shi sai ya sa hannu, wato ko ma'aikacin banki ne na dindindin ko kuwa wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke shi ya ajiye shi a banki. Mutum biyu na iya zama a teburi ɗaya suna aiki iri ɗaya, ɗaya yana da matakin ƙarin girma da garaɓasa da inshorar lafiya da rancen ma'aikata mai sauƙin ruwa da kuɗin jarrabawar ƙwarewa, ɗayan kuma ba shi da ko ɗaya, kuma ana iya sallamarsa da gajeriyar sanarwa. A wurare da yawa ɗan kwantiragin ma albashinsa ya fi ƙanƙanta. Ko a inda ya fi girma, a ce an yi wa mutum tayin 120 a kwantiragi da 100 a dindindin, sai ya zauna ya lissafa abin da banki zai zuba masa a fansho, da kuɗin asibiti, da hutun da ake biya, da ƙarin da zai samu idan ya hau mataki bayan shekara biyu ko uku, zai ga ashirin ɗin nan ta narke. Ban ce a ƙi aikin kwantiragi idan shi kaɗai ya samu ba, amma a shige shi da wa'adi a zuci, ana karatu ana neman ƙofar dindindin tun daga watan farko.

Girman banki ma yana sauya lissafi. Babban banki na duniya ya fi biya, sunansa kuma yana buɗe ƙofofi, amma yakan yanka aiki ƙanana-ƙanana har mutum ya shekara biyar bai san abin da ke faruwa a teburin da ke bayansa ba, musamman a cibiyoyin da aka keɓe domin aikin bayan fage kaɗai, nesa da inda ake yanke shawara. Ƙaramin banki albashinsa bai kai ba, amma mutum ɗaya zai taɓa tura kuɗi da daidaita lissafi da amsa tambayoyin masu bincike a mako guda, kuma shugabanni sun san sunansa. Ga mai shekara biyu ko uku na farko, na fi karkata ga wurin da zai ga abu da yawa, daga baya ya sayar da wannan gogewa ga mai biya da tsoka. Gaskiyar da ma'aikata suka sani ita ce ƙarin albashi na shekara-shekara a wuri ɗaya bai cika kai wanda ake samu idan an sauya banki ba, ko da yake mai tsalle kowace shekara shi ma yakan sa masu ɗaukar aiki su yi ɗari-ɗari da shi.

Da yawa suna shiga bayan fage da niyyar tsallakawa zuwa ɓangaren masu kawo riba. Yana yiwuwa, amma ba shi ne abin da aka saba gani ba, kuma yana ƙara wuya da kowace shekarar da ta wuce, domin bayan wani lokaci banki ya riga ya sa wa mutum suna. Wanda wannan ne burinsa ya nemi kujerar da ke manne da 'yan kasuwar, kamar nazarin bashi ko teburin da ke lissafa musu riba da asarar yini, ya kuma yunƙura cikin shekaru ukun farko. Ya kuma tambayi kansa da gaske ko yana son rayuwar da ake ɗora wa mutum adadin kuɗin da zai kawo kowane wata, tunda rashin wannan matsin na daga cikin abin da ya sa mutane masu basira ke zaɓar bayan fage da gangan.

Da za a ce in ba da shawara kai tsaye, wanda Allah ya ba kan lissafi kuma yake da juriyar karatu ya nufi auna haɗari ko fasaha tun farko, kada ya ɓata lokaci a wani wuri. Wanda ya iya rubutu da bin diddigi, kuma ba ya tsoron tsayawa a kan magana, bin ƙa'ida ne gidansa, da sharaɗin ya fice daga hawan share ƙararrawa cikin shekara biyu. Wanda ya fi damuwa da kada ranar sallama ta same shi babu madafa ya riƙi akanta ko bincike ya kammala jarrabawarsa tun kafin nauyin iyali ya yi yawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan mutane kuwa ta gudanarwa za su shiga, tunda ita ce ke buɗe, kuma babu aibi a hakan muddin sun nemi teburin da ake warware matsala, suka koyi sarrafa bayanai fiye da abin da aikin ya nema, suka kuma sa wa kansu lokacin matsawa.

A ranar ganawa, bayan an gama yi wa mutum tambayoyi aka ba shi dama, ya tambayi sunan wanda zai kasance a takardar ɗaukarsa, bankin ne ko wani kamfani. Ya tambayi kaso nawa na aikin yini ne maimaici, kaso nawa ne ke buƙatar ya yanke hukunci da kansa, da ko banki na biyan kuɗin jarrabawa, da shekara nawa ake yi kafin a ba mutum izinin neman wata kujera a cikin gida. Sannan ya tambayi inda mutum biyu ko uku da suka riƙe wannan kujera kafin shi suke a yanzu. Idan aka ce masa ɗaya yana auna haɗari, ɗaya yana shugabantar wani teburi, ya karɓi aikin ko da albashin ya ɗan gaza na wani tayin. Idan kuwa aka ce duk suna nan a mataki ɗaya shekara bakwai, ko aka yi ta kame-kame aka kasa ba shi amsa, ya nemi a ba shi kwana biyu ya yi shawara, ya kuma koma ya sake duba ɗaya tayin.